Tabbatar da Gurabe da Yawa na Abu Ɗaya a Gwajin Manhaja: Wace Hanya Za a Ɗauka?

Duk wanda ya ɗan jima yana rubuta gwaje-gwajen ƙananan sassan manhaja ya san inda hannu yake tsayawa. Kod ɗin da ake gwadawa bai dawo da lamba guda ko kalma guda ba, ya dawo da abu mai gurabe shida ko goma, kowane gurbi da ƙimarsa, kamar ajin Java mai filaye da yawa, kuma ana so a tabbatar cewa duk sun fito daidai. Misalin da zan riƙe har ƙarshe shi ne rasiɗin shago a manhajar da aka rubuta da Java. Rasiɗin yana ɗauke da lambarsa, jerin kayan da aka saya, kuɗin kayan, harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, jimlar kuɗi, matsayin biya, da lokacin da aka fitar da shi. Idan kayan na naira 10,000 ne, haraji zai zama 750, jimla kuma 10,750. Hanyoyi biyar ne aka fi bi wajen tabbatar da irin wannan abu, kuma tambayar da take raba su ita ce: shin gwajin yana magana ne a kan wasu gurabe zaɓaɓɓu, ko a kan abin gaba ɗayansa? Na yi amfani da JUnit 5 da AssertJ, kayan rubuta gwaji na Java, a misalai, amma zan riƙa ambaton takwarorinsu a C#, Python, JavaScript da Go.

Ma'aunin da za a duba

Ma'auni na farko shi ne abin da gwaji zai faɗa ranar da ya faɗi, domin a wannan rana ce kaɗai ake karanta saƙonsa, kuma sau da yawa wanda zai karanta ba shi ne ya rubuta ba. Na biyu shi ne ɗorewa, wato abin da zai faru idan aka ƙara wa rasiɗin sabon gurbi bayan wata shida, kamar rangwame. Na uku shi ne sauƙin rubutu da karantawa. Na huɗu, wanda ni na fi ba shi nauyi, shi ne haɗarin wucewa a kan ƙarya, inda gwaji zai nuna kore alhali akwai kuskure a cikin kod. Gwajin da ya faɗi babu dalili yana ɓata lokaci ne kawai, amma wanda ya wuce babu dalili yana kai kuskuren har hannun mai amfani da manhaja. Na biyar shi ne kuɗi, kuma maganarsa gajera ce a yawancin hanyoyin, sai wuri ɗaya da za mu zo kansa.

Hanya ta ɗaya: jera layukan tabbatarwa ɗaya bayan ɗaya

Wannan ita ce hanyar da kowa yake fara koya:

```
assertEquals(3, rasidi.kaya().size());
assertEquals(new BigDecimal("750.00"), rasidi.haraji());
assertEquals(new BigDecimal("10750.00"), rasidi.jimla());
assertEquals(Matsayi.BA_A_BIYA_BA, rasidi.matsayi());
```

Ba ta buƙatar wani laburare bayan JUnit, kuma ko sabon shiga zai gane ta da kallo ɗaya. Lahaninta shi ne layin farko da ya gaza yana tsayar da gwajin gaba ɗaya, ba a isa ga na ƙasa da shi. Idan haraji da jimla da matsayi duk sun lalace, za ka ga na haraji kawai, ka gyara, ka sake kunna gwajin, sannan na gaba ya bayyana. A kwamfutarka wannan ɓata daƙiƙu ne, amma idan gwajin yana gudana a sabar haɗa aiki, wato na'urar da take gudanar da gwaje-gwaje da kanta duk lokacin da aka tura sabon kod, inda kowane zagaye yake cin minti goma sha biyar, kurakurai uku sun cinye maka kusan awa guda. Akwai kuma asarar da ta fi ta lokaci: ganin haraji da jimla sun kauce tare yana nuna cewa tushen matsalar ɗaya ne, kuma wannan hanya tana ɓoye maka wannan alama. Game da sabon gurbi, ba ta san da zamansa ba, don haka gwajin zai ci gaba da wucewa ko da rangwame yana fitowa babu komai a ciki.

Hanya ta biyu: tabbatarwa a dunƙule, ana tara kurakurai

JUnit 5, wanda ya fito a watan Satumba na 2017, ya zo da `assertAll`, wanda yake gudanar da dukkan layukan ko da wasu sun gaza, sannan ya kawo rahoton duka a lokaci guda:

```
assertNotNull(rasidi);
assertAll("rasidi",
    () -> assertEquals(3, rasidi.kaya().size()),
    () -> assertEquals(new BigDecimal("750.00"), rasidi.haraji()),
    () -> assertEquals(new BigDecimal("10750.00"), rasidi.jimla()),
    () -> assertEquals(Matsayi.BA_A_BIYA_BA, rasidi.matsayi())
);
```

Idan biyu sun gaza, saƙon zai fara da kalmar da ka sa a kai, ya faɗi cewa kurakurai biyu ne, ya jera kowanne da abin da aka zata da abin da aka samu. Ka lura da layin `assertNotNull` da na ajiye a waje. Idan rasiɗin bai zo ba gaba ɗaya kuma babu wannan layi, kowane layi na cikin dunƙulen zai jefa nasa kuskuren, sai ka sami rahoto huɗu masu faɗin abu ɗaya. Ƙa'idar ita ce duk sharaɗin da sauran suka dogara a kansa ya tsaya a waje ya tsayar da gwajin, waɗanda ba su dogara da juna ba su shiga ciki.

Wannan tsari yana ko'ina. A C#, NUnit yana da `Assert.Multiple`, FluentAssertions yana da `AssertionScope`, GoogleTest na C++ ya raba `EXPECT_EQ` mai ci gaba da `ASSERT_EQ` mai tsayarwa, a Go kuma `t.Errorf` yana rubuta kuskure ya wuce yayin da `t.Fatalf` yake tsayawa nan take. A Python, `subTest` yana cikin `unittest` tun siga ta 3.4.

Haɗarin wannan hanya yana wajen wani nau'inta, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. `SoftAssertions` na AssertJ da `SoftAssert` na TestNG suna tara kurakurai ne a cikin wani abu, ba sa furta komai sai an kira `assertAll()` a ƙarshe. Idan aka manta wannan layi, gwajin zai wuce kullum, kome ya lalace. Na taɓa gamuwa da haka a wani aiki da na gada: gwajin lissafin kuɗi mai layukan tabbatarwa kusan goma, an rubuta shi da kyau, yana nuna kore wata da watanni. Sai da na sauya adadin haraji da gangan zuwa abin da na san ba daidai ba ne, na ga har yanzu kore ne, sannan na gangara ƙasa na tarar layin ƙarshen babu shi. Da aka mayar da shi, biyu daga cikin layukan suka koma ja nan take. Maganin abin yana nan a cikin AssertJ kansa: `assertSoftly` yana kiran layin ƙarshen da kansa, haka ma `SoftAssertionsExtension`. Wanda zai bi wannan hanya ya yi amfani da ɗayansu, kada ya dogara da tunawa.

Wajen ɗorewa, daidai take da ta farko. Sabon gurbi ba ya karya ta, kuma ba ta duba shi. Wannan alheri ne idan gwajin na lissafin haraji ne kawai, domin bai kamata ƙarin gurbin adireshi ya tayar da shi ba.

Hanya ta uku: gina abin da ake zato, a kwatanta da `equals`

A nan ana gina cikakken rasiɗi da hannu, a rubuta layi ɗaya: `assertEquals(wandaAkeZato, rasidi)`. Hanyar ta ƙara sauƙi tun da harsunan suka fara samar da daidaito da kansu, kamar `record` da ya tabbata a Java 16 a 2021, `record` na C# 9 a 2020, `dataclass` na Python 3.7 a 2018, da `data class` na Kotlin. Ga ƙananan abubuwa waɗanda ƙimarsu ita ce asalinsu, kamar kuɗi mai adadi da nau'in kuɗi, ko adireshi, babu abin da ya fi ta tsafta. Idan aka ƙara gurbi a `record`, gwajin ba zai ma haɗu ba sai an cika sabon gurbin, kuma wannan tunatarwa ce mai amfani.

Matsalar ita ce gwajin ya miƙa amanarsa ga `equals`, wanda an rubuta shi ne domin bukatar manhaja, ba domin bukatar gwaji ba. Abubuwan da ake ajiyewa a rumbun bayanai ta JPA, tsarin Java na ajiye abubuwa a rumbun, sau da yawa ana rubuta `equals` ɗinsu a kan lambar shaida kaɗai. Rasiɗi biyu masu lamba 41 za su zama ɗaya a idonsa, ko da jimlar ɗaya 10,750 ce ta ɗayan kuma sifili, kuma gwajin zai wuce. Idan aka je aka sauya `equals` domin a gamsar da gwaji, an taɓa halayyar `HashMap` da `HashSet` a cikin manhajar da mutane suke amfani da ita, abin da bai kamata gwaji ya jawo ba. Sannan ga gurbin lokaci da lambar da ake samarwa kai tsaye, waɗanda ba ka san ƙimarsu ba kafin a gudanar da kod, kuma `equals` ba ya ba da damar tsallake gurbi. Saƙon faɗuwa ma ya dogara da `toString`: idan babu shi za ka ga sunan aji da wasu haruffa marasa ma'ana, idan akwai shi za ka ga dogayen layuka biyu ka riƙa bin su da ido kana neman inda suka saɓa. A nan `pytest` na Python ya yi fice, domin idan `dataclass` biyu suka saɓa yana faɗin sunan gurbin da ya bambanta.

Akwai tarko ɗaya da ya shafi duk mai lissafin kuɗi a Java, kuma yana kama hanyoyi ukun da suka gabata. `BigDecimal` yana la'akari da yawan lambobin bayan ɗigo a cikin `equals`. Idan ka ninka 10000 da 0.075, sakamakon 750.000 ne, kuma wannan ba daidai yake da 750.00 ba a wurin `equals`, sai dai a wurin `compareTo`. Ko dai kod ɗin ya daidaita lambobin bayan ɗigo zuwa biyu, wanda shi ne ya dace da naira da kwabo, ko gwajin ya yi amfani da `isEqualByComparingTo` na AssertJ.

Hanya ta huɗu: kwatanta gurbi da gurbi har ciki

Wannan hanya tana ɗaukar alherin ta uku ta bar dogaro da `equals`. Laburaren da kansa yake shiga cikin abubuwan biyu, ya bi kowane gurbi, ya gangara cikin jerin kaya da abin da ke cikin kowane kaya:

```
assertThat(rasidi)
    .usingRecursiveComparison()
    .ignoringFields("lamba", "lokaci")
    .withComparatorForType(BigDecimal::compareTo, BigDecimal.class)
    .isEqualTo(wandaAkeZato);
```

Saƙonta shi ne mafi kyau a cikin biyar ɗin, domin tana kawo dukkan bambance-bambancen lokaci guda, kowanne da cikakkiyar hanyar isa gare shi, har ta nuna cewa farashin wani kaya ne a cikin jerin ya kauce. Gurbin lokaci da lamba an tsallake su da suna, matsalar 750.000 kuma an warware ta a layi ɗaya. Ranar da aka ƙara rangwame, kwatancen zai haɗa da shi ba tare da an taɓa gwajin ba, kuma idan kod ya cika shi amma abin da ake zato bai cika ba, gwajin zai faɗi ya tilasta a duba. A .NET takwararta ita ce `BeEquivalentTo` ta FluentAssertions da `Assert.Equivalent` na xUnit, a Jest na JavaScript akwai `toEqual` da `toStrictEqual`, a Go kuma `cmp.Diff`.

Sai dai kowane laburare yana da nasa ƙa'idojin da yake bi idan ba a ce masa komai ba, kuma ba iri ɗaya ba ne, don haka wanda ya saba da ɗaya ya koma wani yana iya yin zaton da ba haka ba. AssertJ yana ɗauko gurabe ne daga abin da aka samu, ya neme su a cikin abin da ake zato, saboda haka abin da ake zato yana iya samun ƙarin gurbi ba tare da an yi ƙorafi ba. FluentAssertions akasin haka yake yi, gurabe na abin da ake zato su ne suke jagorantar kwatancen, shi ya sa ake iya ba shi ɗan ƙaramin abu marar suna mai gurabe uku ya duba su kaɗai. AssertJ yana kula da tsarin jeri a cikin `List` sai an ce masa `ignoringCollectionOrder`, yayin da `BeEquivalentTo` ba ta kula da shi sai an ce `WithStrictOrdering`. A Jest, `toEqual` ba ya damuwa da gurbin da ƙimarsa `undefined` ce, `toStrictEqual` yana damuwa, `toMatchObject` kuma yana duba gurabe da ka ambata ne kawai. Waɗannan bambance-bambance su ne inda wucewa a kan ƙarya take shigowa, kuma rabin awa na karanta bayanin laburaren kafin a fara ya fi kwana ana neman dalilin da gwaji bai kama kuskure ba.

Rauni na biyu shi ne sunayen gurabe a cikin `ignoringFields` rubutu ne zalla, mai haɗa kod ba ya duba su, don haka idan aka sauya sunan gurbi sai an bi su da hannu. Na uku shi ne jerin tsallakewa yana da halin tsawo. Idan ka ga an tsallake gurabe biyar daga cikin bakwai, gwajin yana gaya maka cewa gurabe biyu ne damuwarsa, kuma ya kamata ya koma hanya ta biyu.

A nan ne maganar kuɗi ta shigo. JUnit 5, AssertJ, NUnit, xUnit, Jest da `pytest` duk kyauta ne. FluentAssertions ma haka yake har siga ta 7, ƙarƙashin lasisin Apache 2.0, amma a watan Janairu na 2025 siga ta 8 ta fito da sabon lasisi tare da kamfanin Xceed, inda amfani da shi a aikin kasuwanci ya koma na biya, kusan dala 130 ga kowane mai rubuta kod a shekara lokacin da aka sanar. Ga kamfani mai ma'aikata goma da yake samun kuɗinsa da naira ko sefa, wannan adadi ne da sai an zauna a kansa. Mafita uku ne: a tsaya a siga ta 7 a kulle ta don kada sabuntawa ta tsallaka da ita, a koma AwesomeAssertions wanda reshe ne da ya ci gaba da zama kyauta, ko a wadatu da `Assert.Equivalent`.

Hanya ta biyar: ajiye hoton sakamako

Ana mayar da abin zuwa rubutu, a ajiye a fayil a karon farko, daga baya a riƙa kwatanta sabon sakamako da ajiyayyen. Jest ya yaɗa wannan da `toMatchSnapshot` tun 2016, akwai kuma ApprovalTests da Verify. Babu wadda ta kai ta saurin rubutu, kuma tana kama kowane sauyi. Lahaninta shi ne fayil ɗin yana ɗauke da abin da kod ya fitar ne, ba abin da ya kamata ya fitar ba, don haka idan harajin ya fito 705 maimakon 750 a ranar farko kuma ba wanda ya karanta, kuskuren ya zama ma'auni. Kuma da `jest -u` ana sabunta dukkan hotunan a bugu ɗaya, abin da yake da saurin zama al'ada idan aiki ya matse. Ban yarda a ɗora lissafin kuɗi a kanta ba.

| Hanya | Saƙon faɗuwa | Idan an ƙara gurbi | Sauƙi | Babban haɗari | Kuɗi |
|---|---|---|---|---|---|
| Jerin layuka | Kuskuren farko kaɗai | Ba ta lura | Mai sauƙi ƙwarai | Ɓoye sauran kurakurai | Kyauta |
| Tabbatarwa a dunƙule | Duka, a jere | Ba ta lura | Mai sauƙi | Manta layin rufewa | Kyauta |
| `equals` | Ya dogara da `toString` | Ya dogara da yadda aka rubuta shi | Layi ɗaya | Daidaito a kan lamba kaɗai | Kyauta |
| Gurbi da gurbi | Duka, da wurin kowanne | Tana haɗawa da shi | Sai an koyi ƙa'idoji | Zaton ƙa'idar da ba ita ba | Kyauta, ban da FluentAssertions 8 a kasuwanci |
| Hoton sakamako | Bambancin rubutu | Tana faɗuwa | Mafi sauri | Amincewa babu karatu | Kyauta |

Wacce ta dace da wa

Idan gwajinka yana tambaya ne a kan ƙa'ida guda, kamar yadda ake lissafa haraji da jimla, kuma gurabe biyu zuwa biyar ne suka shafe shi, ka ɗauki tabbatarwa a dunƙule, da `assertAll` ko `assertSoftly`. Ita ce kuma ta dace idan kowane gurbi yana da irin nasa sharaɗin, wannan ya zama daidai da kaza, wancan ya wuce sifili, lokaci kuma kada ya gabaci fara gwajin.

Idan aikin kod ɗin shi ne juya abu zuwa wani, kamar ɗauko rasiɗi daga rumbun bayanai a mayar da shi amsar da za a aika wa manhajar waya, kuskuren da aka fi yi shi ne manta gurbi ɗaya, kuma kwatancen gurbi da gurbi ne yake kama shi. A nan ina ba da shawarar a cika kowane gurbi na bayanan gwaji da ƙimar da ta bambanta da ta sauran, domin idan kuɗin kaya da jimla duk 100 ne, ko an musanya su gwajin ba zai gani ba.

`equals` ya dace da ƙananan abubuwa masu daidaito na gaskiya, waɗanda harshen ya samar musu da shi ko aka gwada shi daban. Jerin layuka na gargajiya yana da wurinsa idan layi na biyu ba shi da ma'ana sai na farko ya tabbata. Hoton sakamako ya dace da dogon rubutu kamar rasiɗin da za a buga a takarda ko babbar amsar JSON, da sharaɗin wani zai karanta sauyin fayil ɗin a lokacin bitar kod. Idan kuma ka ga dunƙulen tabbatarwa iri ɗaya yana maimaituwa a gwaje-gwaje takwas ko goma, ka tattara shi a ajin tabbatarwa naka da ya gaji `AbstractAssert`, ta yadda ranar da rangwame ya shigo wuri ɗaya za a gyara.